Furen almuru a kwalba: aikin riba ne ko ɓarnar aga?

Dan_Aji_Hudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga lab. Malamin da ke duba furojet ɗina ya ba ni Oenothera biennis, shukar nan da ake tatsar mai daga ƙwayarta ana sayarwa a kemis cikin kafso, wanda ake rubuta Evening Primrose Oil a jikin robar. Mu dai a sashenmu furen almuru muke ce mata. Aikin shi ne in yaɗa ta ta hanyar tishu kolca, wato renon ɗan yankin shuka a cikin kwalba: in tsirar da irin a kwalba, in yanki ganyen farko da ɗan karan da ke ƙarƙashinsa, in ɗora su a kan MS, wato abincin da ake haɗa wa tsiro a kwalba, mai homon na girman tsirrai, in ga wanne zai fi fitar da tsiro.

Tambayata biyu ce. Ta farko, yawancin kwalabena lalacewa suke yi tun kafin irin ya gama tsirowa. Ta biyu, idan abin ya yi kyau, mutum zai iya mayar da shi sana'a, ya riƙa sayar wa manoma dashe? Na ga man da tsada, kuma duk daga waje ake kawo shi.

Mai_Otokilef:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye maganar kasuwa tukuna. Da ka ce lalacewa, me kake gani, kuma daga ina yake farawa? Daga jikin ƙwayar, ko daga bakin kwalba, ko can gefe inda ba ka taɓa ba? Kowanne da mai laifinsa. Sannan a kowane zubi ka riƙa ware kwalba biyu ko uku da ba za ka buɗe ba sam, ka ajiye su tare da sauran. In su ma suka lalace, to ba hannunka ba ne, dahuwar abincin a otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, ce ba ta yi ba.

Dan_Aji_Hudu:
Yaya, iri biyu nake gani. Wani farin abu mai yauƙi yana zagaye ƙwayar, wani kuma kore ne mai gashi-gashi, shi daga gefen kwalba yake tasowa.

Mai_Otokilef:
Farin mai yauƙi bakteriya ce, a jikin irin ta zo, wankinka bai kai ba. Koren kuwa fumfuna ce, daga iska ko hannun rigarka ta faɗa.

Ga yadda muke yi. Irin nan ƙanana ne ƙwarai, bawonsa kuma da kusurwoyi, datti na maƙalewa. Ka ƙulle shi a ɗan ƙyalle mai shara-shara don kada ya bi ruwa. Ka tsoma a etanol mai ƙarfin kashi 70 kamar daƙiƙa 30, kada ya wuce minti ɗaya. Daga nan sai bilic. Duba jikin robar, galibin na kasuwa kashi 3.5 ne, ka ɗebi mil 30 ka cika da ruwa zuwa mil 100, ka sami kusan kashi 1 ke nan. Ɗigo ɗaya na Tween 20, in babu, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa. Minti 10 zuwa 15 kana girgizawa. Sai ɗauraya da ruwan da aka dafa a otokilef, sau uku zuwa biyar, a cikin hud, akwatin aikin nan mai tace iska, ba a kan benci ba. Nan ne ɗalibai ke ɓata aikin: sun wanke tas, sai su ɗauraye da ruwan da ya kwana a buɗe.

Abincin kuwa: garin MS giram 4.4 a lita, suga giram 30, aga, garin da ke daskarar da abincin, giram 7 zuwa 8, pH 5.8, a dafa a otokilef a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Don tsirar da iri kawai rabin ƙarfin MS ya isa, ba homon. Kuma kada ka nutsa ƙwayar cikin aga, ka ɗora ta a sama, irin nan haske yake so kafin ya tsiro.

DanMaradi:
Gaskiya ne. Mu nan Nijar ruwan Jabel, wato bilic, muke amfani da shi, amma a kula, wanda ya daɗe a shago cikin zafi ƙarfinsa ya ragu ko da takardar ta ce kaza. A sayi sabo. Kuma lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba, a labo ɗin da na yi aiki sai mun jiƙa tsumma mun toshe ƙasan ƙofa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kana tsakiyar aiki a hud, rufe komai ka tashi, kada ka ce bari in ƙarasa wannan ɗaya.

Malam_Tsirrai:
An amsa ta farko da kyau. Ni ta biyun zan taɓa, kuma ka yi haƙuri ɗalibi, amsar ba mai daɗi ba ce.

Me ya sa ake tishu kolca? Ko dai shukar ba ta yin iri, kamar ayaba. Ko irinta ba ya haifar da irin uwar. Ko ana son raba ta da cutar bairos, kamar yadda Morel da Martin suka yi wa furen daliya a Faransa a 1952. Ko kuma ta kusa ƙarewa a duniya. Oenothera biennis ba ta cikin ko ɗaya. Tushe ɗaya na zubar da ƙwaya dubun-dubata, giram ɗaya na irin ya kusan ƙwaya 2,000. Wa zai sayi dashen kwalba alhali cokali ɗaya na iri ya cika masa fangali da yawa?

Abin da ya fi wannan, irinta kusan kwafin uwar yake fitarwa. Kuromosom ɗinta, wato zarurrukan da ke ɗauke da halayen gado, 14 ne. A yawancin tsirrai, lokacin da ake haɗa ƙwayoyin haihuwa kuromosom kan jeru bibbiyu, na uwa da na uba, su yi musayar gutsattsari, shi ya sa 'ya'ya ke bambanta. A wannan dangin kuwa sai su kama juna baki da baki su yi zobe, a wasu nau'o'in duk 14 ɗin a zobe ɗaya. In an zo rabuwa, na uwa su tafi gefe ɗaya gaba ɗayansu, na uba su tafi ɗaya gefen, ba cakuɗuwa. Ga shi kuma furen kansa yake yi wa barbara, sau da yawa tun bai buɗe ba. Otto Renner a Jamus da Ralph Cleland a Amurka su suka warware wannan. Wato abin da kake son kwalba ta yi maka, shukar ta riga ta yi wa kanta kyauta.

Bakatsine92:
Ikon Allah. Malam, ba ita ce ta Hugo de Vries da muka yi a jenetiks ba?

Malam_Tsirrai:
'Yar uwarta ce, Oenothera lamarckiana, wadda yanzu ake kira glazioviana. Ya same ta a wata tsohuwar gona kusa da Hilversum a ƙasar Holan a 1886, ya yi ta shukawa shekara da shekaru, ya ga jefi-jefi wasu na fitowa daban, ya gina ra'ayinsa na canjin halitta farat ɗaya a kai, littafin ya fito tsakanin 1901 da 1903. Daga baya aka gano yawancin abin da ya gani rikicin zoben nan ne, ba sabon jinsi ba. Kuma @Dan_Aji_Hudu, ka tabbatar da nau'in da aka ba ka. In glazioviana ce, kusan rabin ƙwayoyin fanko ne tun asali, saboda sai ƙwayar da ta haɗa rukunin kuromosom biyu mabambanta take rayuwa. Kada ka ga rabi bai tsiro ba ka ɗora wa bilic laifi ka rage shi.

Maman_Iman:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Man nan ne matan unguwarmu ke sha don neman haihuwa, wasu kuma in ciki ya tsufa wai yana kawo sauƙin naƙuda. Da gaske yana aiki? Ƙanwata ta sayo roba guda da tsadar gaske.

Ungozomar_Zamani:
Maman Iman, don Allah ki ce mata in tana da ciki kada ta sha sai ta tambayi likita ko ungozomar da ke duba ta a awo. Maganar sauƙin naƙuda ba ta da hujja mai ƙarfi, kuma ana gargaɗin masu shan maganin tsinka jini da masu farfaɗiya da wanda za a yi wa tiyata. Abin da ke cikin man da ake yayatawa wani sinadarin kitse ne, GLA, kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, mafi yawan sauran kuma linoleyik ne, irin wanda ke cikin man sunfulawa da na waken suya. A Ingila an taɓa ba shi lasisin magani don ƙaiƙayin fata da ciwon nono, aka janye lasisin a 2002 saboda ba a ga gamsasshiyar shaidar yana aiki ba. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2013 ma ba ta ga amfaninsa ga ciwon fatar ba. Matsalar haihuwa kuwa a je asibiti, ita da maigidan, su biyun.

Maman_Iman:
Na gode Anti. Maigidan ne dai kai shi asibitin sai an yi da gaske.

Baba_Mai_Lambu:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ya sa ni a zauren nan, amma ina noman rani tun kafin a haifi yawancinku. Yaro, abin da Malam ya faɗa shi ne. Mu abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya dabino ne. Ka shuka ƙwallo, ka yi ta ban ruwa shekaru, sai ya tashi fure ka tarar namiji ne. Kusan rabi haka suke fitowa, matan ma ba lallai su yi zaƙin uwar ba. 'Ya'yan gindi kuma uwa ba ta ba da su da yawa. In kwalbarku za ta ba ni mace tabbas, mai irin da na zaɓa, zan biya. Ga cibiyar binciken dabino nan a Dutse. Ga rake, ga ayaba, ga citta. Me ya kai ku furen Turawa?

Dan_Aji_Hudu:
Baba, ranka ya daɗe, ba ni na zaɓa ba. Kuma dabino a kwalba yana cin shekaru kafin a ga tsiro, ni kuwa zango biyu gare ni.

Zee_Biotech:
Ni fa ban yarda a kashe wa yaron nan gwiwa ba. Malam, da girmamawa, ka auna abin da ma'aunin kasuwa kaɗai. Murashige da Skoog da suka haɗa MS a 1962 a kan taba suka yi aikin, ba don manoman taba su sayi dashen kwalba ba. Shuka mai saurin tsiro, mai arhar iri, ita ta dace da koyon hannu. Wanda ya iya fitar da tsiro daga ganyen farko na wannan, gobe in an ba shi dankali ko ayaba ba zai ruɗe ba. Baba, wanda zai yi maka dabinon nan sai ya fara lalata kwalabe a kan wani abu mai arha.

Kan homon kuma, @Dan_Aji_Hudu, ka'idar Skoog da Miller ta 1957 ita ce jagora: homon ɗin gida biyu ne, in saitokainin ya rinjayi oksin, tsiro, oksin ya rinjaya, saiwa, suka yi kusan daidai, kalos, wato dunƙulen nama ba tsiro ba saiwa. Ka jera BAP, wanda saitokainin ne, daga 0.5 zuwa miligiram 2 a lita, da ɗan NAA, shi kuma oksin ne, kamar 0.1, da kwalaben da ba homon don kwatance. An yi amfani da TDZ, wani mai aikin saitokainin, a kan wannan dangin kuma yana fitar da tsiro da yawa, sai dai yana da ƙarfi ainun. Kaɗan ake sawa, kuma da zarar ƙananan tsiron sun ɓullo ka kwashe su zuwa abincin da ba shi, in ba haka ba su cunkushe su ƙi tsawo.

Wani abu da littafin aji ba zai gaya maka ba: a shekarar farko shukar ba ta da kara, ganye ne kawai shimfiɗe a ƙasa kamar faifai. Don haka hanyar yanka gaɓa-gaɓa da ake yi wa dankali ba za ta yi maka ba, babu gaɓar da za ka yanka. Shi ya sa malaminka ya ce ganyen farko da ɗan karan ƙasa. Ya san abin da yake yi.

Malam_Tsirrai:
Zee, a kan koyon hannu ba mu da saɓani. Tambayarsa sana'a ce, ita na amsa. Kuma ki lura, hanyar da kika zayyana in ta bi ta kalos tana iya haifar da tsirrai da suka saɓa wa uwar, abin da Larkin da Scowcroft suka yi rubutu a kai a 1981. Masu kwakwar manja a Malesiya sun ɗanɗana a shekarun 1980: an dasa na kwalba, aka jira shekaru, wasu suka yi fure mai naƙasa ba mai. To a furen almuru sai ya zama iri ya fi kwalba ba da 'ya'ya masu kama da juna. Kin ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Zee_Biotech:
To ai wannan saɓanin shi ne ribar, Malam! Kai da kanka ka ce zoben ya hana cakuɗuwa, wato mai son inganta irin yana shan wuya kafin ya sami sabon hali. In kalos zai jefo bambanci, ga inda za a zaɓa. Kuma duk mai son sa wa shukar wani jin, wato ƙwayar halin gado, dole sai ya iya dawo da cikakkiyar shuka daga 'yan ƙwayoyin halitta. Ba tishu kolca, ba wannan.

Malam_Tsirrai:
Yawancin bambancin da kalos ke jefowa naƙasa ce. Amma na ji, ƙofa ce.

Hauwa_a_Jamus:
Ina karatu ina dariya, domin nan ciyawa ce. Bakin layin dogo da kangon fili duk ita ce da rani. Asalinta Arewacin Amurka, an shigo da ita Turai tun farkon ƙarni na 17, har akwai lokacin da ake cin saiwarta. Kuma buɗewar furen abin kallo ne: da almuru kana tsaye za ka ga koren bawon ya tsage ya lanƙwashe baya, rawayen ganyen furen ya warware cikin minti ɗaya ko biyu, sai ƙamshi, sai manyan malam-buɗe-littafin dare su fara zuwa. Kafin azahar ɗin gobe ya yanƙwane.

Akwai wurin da kwalba ta zama dole a wannan dangin, ba wanda ya ambata. A yawancin tsirrai kuloroflas, koren abin nan da ke haɗa wa shuka abinci da hasken rana, daga uwa kaɗai ake gadonsa, a Oenothera kuwa ana iya gado daga uwa da uba. Wilfried Stubbe ya rarraba nau'in kuloroflas ɗinsu gida biyar. In aka haɗa jinsi biyu, wani lokaci kuloroflas ɗin bai jitu da kuromosom ɗin da ya tarar ba, sai ɗan ya fito fari fat ko ɗorawa-ɗorawa. Irin wannan a ƙasa mutuwa zai yi da zarar abincin ƙwayar ya ƙare, don ba ya iya haɗa nasa. A kan aga mai suga kuwa sai ya rayu a yi nazarinsa. Sannan akwai danginta da ke gab da ƙarewa, kamar na tudun rairayin Antioch a Kalifoniya, da aka sa cikin jerin masu fuskantar barazana a 1978. Ire-iren waɗannan ne ake tunanin adanawa ta kowace hanya, ba biennis ba.

YarJos:
Duk kun tsallake babbar tambaya. A ce dashen ya fito lafiya, zai yi fure a Kano ko Zariya? Ba fure, ba iri. Ba iri, ba mai. Shukar shekara biyu ce a ƙasarsu, sanyin hunturu da dogon yinin bazara ke sa ta miƙe kara. Mu nan yini ba ya kai awa 13 ko a watan Yuni. Ƙasar da ta fi noma ta Sin ce, kuma a arewa maso gabashinta, wajen Jilin, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa.

Bakatsine92:
Ai shi ke nan, magana ta ƙare. Ko Jos ba ta dusar ƙanƙara.

YarJos:
Ba ta ƙare ba. Akwai nau'o'in da ake shukawa farkon bazara su yi fure a shekarar, don haka sanyin ba sharaɗi ne a kan kowanne ba. Tsawon yinin ya fi damuna. Amma ana iya gwadawa: ƙwan lantarki ya ƙara awanni da daddare, ko a fesa homon ɗin jibaralin, wanda aka san yana sa masu shimfiɗa ganye irin wannan su miƙe. Wannan ma furojet ne mai zaman kansa, kuma ni a ganina ya fi na kwalbar amsa tambayar sana'a. Sai dai gona guda da ƙwan lantarki, a ƙasar nan, ku yi lissafin kuɗin da kanku. Mu nan abin da tishu kolca ke yi mana a zahiri irin dankalin Turawa ne mai tsabta, shi ake aiki a kai a tashar bincike ta Kuru.

Injiniya_Sule:
Tambayar jahili: tunda a kwalba ake renon naman shukar, me zai hana a tara kalos ɗin a babban tanki a tatsi man kai tsaye, a huta da fure?

Zee_Biotech:
Man a cikin ƙwaya yake taruwa lokacin da take nuna, kalos ba ya tara shi yadda zai biya kuɗin suga da wuta. Masu son GLA daga tanki fumfuna suka koma wa: a Ingila an sarrafa shi daga Mucor tun 1985, aka daina wajen 1990 da man wata shuka, borej, ya shigo kasuwa, shi GLA ɗinsa ya haura kashi 20.

DanMaradi:
Wani abu kuma, ina aka samo irin? In daga waje ne, ku a Najeriya akwai hukumar killace tsirrai, NAQS, sai da izininta. Ba wasa ba ne. A gwajin da William Beal ya fara a Michigan a 1879, ya binne iri cikin kwalabe ana tonowa lokaci-lokaci, irin wannan shukar ya tsiro bayan shekara 80 a ƙasa. In ta sami wurin da ya karɓe ta, kamar Mambila, ba ta fita da sauƙi. Ragowar iri da kwalaben da aka gama da su a dafa su kafin a zubar.

Dan_Aji_Hudu:
Irin na sashenmu ne, a firij na same shi, zan tambayi Malam takardunsa da ainihin nau'in. Na sake zubi da wankin da Yaya Mai_Otokilef ya faɗa, farin yauƙin ya ragu sosai. Sabuwar matsala: gutsattsarin da na yanka suna yin baƙi a bakin yankan, agar da ke kewaye ta koma ruwan ƙasa. Wasu tsiron kuma sun kumbura, ganyen na sheƙi, in ka taɓa ya karye.

Mai_Otokilef:
Baƙin nan sinadarin fenol ne da ciwon yanka ke fitarwa, dangin nan suna da shi da yawa. Sabuwar reza kowane lokaci, yanka ɗaya ba goge-goge ba. Ka tsoma gutsuren a ruwan bitamin C da aka tace kafin ka ɗora, ka ajiye a duhu kwanakin farko, kuma da ka ga aga ta fara rinewa ka matsar da shi sabon wuri. Garin gawayin lab yana taimakawa, amma yana shanye homon ɗin ma, don haka ni sai a matakin saiwa nake sa shi.

Masu kumburin kuwa ruwa ya yi musu yawa. Ƙara aga zuwa giram 8 ko ɗan sama, rage BAP, kuma kada ka naɗe murfin da leda har iska ta kasa shiga. Waɗanda suka riga suka kumbura da wuya su rayu a waje.

Ka fara shirin fitarwa tun yanzu, nan ake asarar da ta fi ciwo. Saiwa: rabin MS da IBA, wani oksin, miligiram 0.5 zuwa 1 a lita. In ta fito, wanke agar tas da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ko ɗigo ya rage fumfuna za ta bi shi. Rairayi da ƙonannen ɓuntun shinkafa, a dafa su. Kife rabin gorar ruwa a kan kowanne, a inuwa, kana sassauta murfin kaɗan-kaɗan har mako biyu zuwa uku. Ganyen kwalba bai iya riƙe ruwa ba, in iskar hunturu ta buge shi kai tsaye ko sallar la'asar ba zai kai ba.

Baba_Mai_Lambu:
Duk wannan hidima a kan abin da Hajiyar Jamus ta ce ciyawar bakin dogo ce. To Allah ya ba da sa'a. In ka gama ka zo mu yi maganar dabino.

YarJos:
@Dan_Aji_Hudu in takardun irin sun cika kuma malaminka ya yarda, ka ware min tushe kaɗan na kwalba da kaɗan na iri. Zan sa su a tukwane a nan daga Nuwamba, rabi da ƙarin haske rabi babu, mu ga wanda zai miƙe. Zan cire furen kafin ya zubar da ƙwaya.

Malam_Tsirrai:
In za ku yi, ku shuka na irin a ranar da aka fitar da na kwalbar, ku rubuta yawan ganyen kowanne a ranar. Girman tushen yana da hannu a lokacin da take miƙewa, in ba ku rubuta ba ba za ku san ko haske ne ya yi aikin ko tazarar girma ba.

Injiniya_Sule:
Ni har yanzu tankin nan bai fita raina ba. Zee, fumfunar da kika ambata, da me ake ciyar da ita? In suga ce, ruwan rake zai yi?